Tsoka ba ta san karatun dare ɗaya ba

Duk shekara haka muke yi. Ana saura kwana uku gasar ƙwallon sassa, sai ka ga samarin da rabonsu da gudu tun sakandare sun cika fili, kowa na son ya zama Ahmed Musa kafin Asabar. Bara wani ɗan ɗakinmu ya buga minti 90 a zafin Afrilu. Washegari ko tsugunno ya gagare shi, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. A asibiti aka ce tsokarsa ce ta farfashe, inzayim ɗin da muke kira CK ya malalo cikin jini, kuma saura ƙiris ƙoda ta taɓu.

Mu 'yan SLT da muke wuni da ɓeraye ya kamata mu fi kowa sanin dalili. A 1967, John Holloszy na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka ya ɗora ɓeraye a kan injin gudu, kwana 5 a mako har mako 12, yana ƙara musu lokaci a hankali har suka kai awa 2 a rana. Da ya auna tsokar ƙafarsu, aikin inzayim ɗin da ke ƙona abinci da iskar oksijin ya kusa ninkawa biyu. Ma'ana, ɓeran ya daɗe yana gudu bai gaji ba. Shekara 10 bayan haka, shi da Frank Booth suka nuna cewa in an daina, rabin wannan ribar kan zube cikin kusan mako guda.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, amma daga baya an yanki 'yar tsoka daga cinyar mutane an auna, labarin bai canza ba. Ni ɗan Jega ne, na sha kallon masu lodin buhunan albasa a Aliero. Ba su san sunan inzayim ko ɗaya ba, amma jikinsu ya haddace darasin, don kullum suna ajin. Mu kuwa daga hostel zuwa bakin get ma sai kabu-kabu.

Don haka shawarata ga ƙungiyar ɗalibai: a rage kuɗin riguna da na DJ, a tsara motsa jiki sau uku a mako da sanyin safiya, a ware wa 'yan uwanmu mata lokacinsu. Duk wanda bai yi mako shida yana zuwa ba, kada a sa sunansa a gasa, ko da ɗan ɗakin shugaba ne.

Jarrabawa kam, wasunmu sun saba kwana ɗaya su tsallake. Jiki ba ya karɓar wannan wayon, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai diflomata ta zo ƙarshe. 'Yan ND I, fili naku ne, ku fara tun gobe.