Kindirmo Ko Tsala?

Jama'a, kowa ya shiga kasuwar Bukuru sayen nono ya kan tambaya, kindirmo ne ko tsala? Amma ga mu, ɗaliban ilmi, sai mu miƙa waya ga mai tura waƙoƙi, mu biya, mu juya, ba mu tambayi abin da ya zuba mana ba. Ni a ganina wannan sakaci ne.

Ga yadda abin ya ke. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, minti guda na waƙa a cikinsa ya kan ci wajen megabait 10. Da MP3 ya zo a 1993, sai aka sami dabarar zubad da sautin da a ke zaton kunne ba zai kula da shi ba. MP3 mai lamba 128 ya kan mai da mintin nan megabait 1. Watau an kaɗe mai, saura tsala. Shi kuwa FLAC, na 2001, ya kan rage nauyin wajen rabi, amma ba ya zubad da kome. Shi ne kindirmo.

Ba na ce MP3 haram ne ba. Mai lamba 320, yawancin kunnuwa ba su rarrabe shi da CD. Abin gudu shi ne wanda aka matse, aka sāke matsewa, har kiɗa ya koma kamar ana soya gyaɗa. Ku kuma lura da 'yan wayo, masu juya MP3 ya koma FLAC su ƙara kuɗi. Tsala ko an zuba ta a sabuwar ƙwarya, tsala ce.

Ku dubi Ɗan Maraya Jos, haifaffen garin nan, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, daɗinsa duk yana cikin 'yar ƙarar nan siririya. In muka bari ta lalace, wa zai sāke kaɗa mana?

Gobe mu ne malamai, mu za mu sa wa yara waƙoƙin nan a aji. To, in za ku saya, ku tambayi iri da lamba. Ku ajiye mai kyau a kwamfuta, ku ɗebi mara nauyi don waya. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya sa mu gane, amin.