Kare Mai Haushi a Hanya: Ƙuli-ƙuli Ya Fi Sanda

Manoma da yawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suna ajiye kare, domin ya kore musu birai daga gona, ya kuma tsare awaki da dare. Wannan ba laifi. Amma akwai karen da in an fita da shi hanya, da ya hangi babur, ko jaki, ko wani kare, sai ya tasam musu da haushi, yana fizgar igiya. Ran da ya kuɓuce ya ciji ɗan wani, ko ya kashe akuyar maƙwabci, sai a kai ƙara gaban mai unguwa, a yi ta biyan kuɗi, zumunci kuma ya ɓaci.

Abin da aka saba yi shi ne duka. To, duka kuwa ba ya gyara irin wannan kare, domin galibi tsoro ne ke sa shi haushin. In ya ga babur aka zabga masa sanda, abin da zai riƙe shi ne duk sa'ad da babur ya ɓullo, azaba na tafe. Gobe haushin sai ya fi na yau.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Pavlov, wanda aka ba lambar Nobel a 1904, ya nuna cewa in ana jiyar da kare wata ƙara kullum kafin a ba shi abinci, daga baya ƙarar kaɗai ta isa ta sa yawunsa zuba. Dabarar ke nan. A fita da kare da yunwarsa, da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a aljihu. A tsaya nesa da hanya, inda zai hangi abin da yake tsoro amma bai kai ga yin haushi ba. Da ya ɗaga kai ya gani, nan take a jefa masa ɗan guntu a ƙasa. Abin ya wuce, a daina bayarwa. In ya ƙi ci, watau an matso da yawa ke nan, sai a ja da baya. Kowace rana a yi kaɗan, igiya a sake, ana matsowa taki biyu ko uku, har ya zama in ya ji babur sai ya waiwayo ya dubi ubangidansa. Kada fa a fara da babbar hanyar Kano ko ranar kasuwa. Kuma ban da abin da aka sa wa albasa, don tana cutar kare.

Wani zai ce, karen da ba ya haushi ina amfaninsa? Ai kare ya san bambancin gidansu da hanya. Ɓarawon da ya haura katanga da dare zai ji muryarsa dai kamar da. Wani kuma zai ce ɓarnar ƙuli-ƙuli ce. Sai ya gwada kuɗinsa da kuɗin akuya guda.

Amma karen da ya sāke hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, wannan ba na horo ba ne, ana tsoron haukan kare ne. A tsare shi, a kira malamin dabbobi. Wanda ya ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin karnuka ana yin ta a Vom, a nemi malamin dabbobi ya yi wa kare kowace shekara.