A Ƙara wa Birki Ƙarfi Kafin a Ƙara wa Inji

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi ra'ayina game da wata ɗabi'a da ke damun mu mazauna bakin titin Kano zuwa Katsina, wato yadda samari da wasu direbobin haya ke kai ƙananan motoci gareji a ƙara musu gudu, sannan su zo su gwada gudun a tsakiyar jama'a.

Duk wanda ya san Dawanau ya san ba wurin gudu ba ne. Kasuwar hatsinmu tana tara mutane daga Nijar da Chadi da Kamaru, ga tireloli cike da riɗi da wake da masara a gefen titi, ga 'yan baro da 'yan dako, ga A Daidaita Sahu, ga amalanken shanu. Daga nan har Bichi da Tsanyawa ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga gari ko gona ba, kuma kowane gari yana da yara masu tsallaka titi zuwa makaranta da mata masu kai abinci gona. A kan wannan titi ne wani zai taka totur har maleji ya wuce 120, wai yana gwada aikin bakanikensa.

Bari in faɗa wa masu karatu abin da ake yi wa motocin nan. Wani zai sa a fasa salansa, ko a cire abin tace hayaƙin da ke cikinta wanda kanikawa ke kira indomi, domin mota ta riƙa ruri. Wani a buɗe masa kafireta ta riƙa shan mai da yawa, wani kuma a cire masa injekta gaba ɗaya a mayar da ita kafireta. Ana murɗa lokacin wutar fulogi, ana ɗora injin da ya fi na asali girma, ana sa faffaɗan taya da ba tata ba. Direbobin haya su kuma sai su ƙara sifirin a baya domin Golf ta ɗauki buhu da fasinja fiye da ƙima. Cikin duk wannan aiki da wuya ka ji wanda ya ce a duba masa birki. Ga shi Golf 3 ɗin da ta cika hanyar nan an fara ƙera ta tun 1991, ta gama wahala a Turai kafin ta iso mana ta Kwatano.

To jama'a, inji shi ke tayar da mota, amma birki da taya su ke tsayar da ita, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan birki da taya lafiya lau suke a kan busasshiyar kwalta, tana bukatar kamar mita 20 kafin ta tsaya. Idan gudun ya ninka ya zama 120, nisan tsayawar ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, wato kusan mita 80. Ka ƙara mita 33 da za ta ci a daƙiƙar da direba zai ga yaro kafin ƙafarsa ta kai birki, ka ga an haura tsawon filin ƙwallo ke nan. Wannan fa mota mai lafiya ce marar kaya. Ina ga wadda ta ɗauki mutum bakwai da buhunan gero a but, tayarta ta suɗe, man birkinta ya shekara uku ba a canza ba?

Na san abin da direbobi za su ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sana'ar ta yi tsanani, sai mutum ya yi sawu da yawa kafin ya mayar da kuɗin mai da na mai mota. Wannan gaskiya ne, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa jin raɗaɗinsa a kuɗin dako. Sai dai a yi lissafi. Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne. Mai gudun 90 zai yi kusan awa biyu, mai gudun 120 zai yi kusan awa ɗaya da rabi, wato abin da ya samu bai wuce minti 30 ba, shi ma idan babu shinge babu rami. A maimakon haka ya ƙona mai fiye da ɗan uwansa, domin iska tana ƙara danne mota ne gwargwadon gudunta, ya cinye taya, ya gajiyar da inji. Ribar da ya ɗauka ya samu a hanya, a Ƙofar Ruwa zai je ya zubar da ita wajen sayen kayan gyara.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, kuma ko a tagwayen hanya ƙaramar motar gida ba ta wuce 100, ta haya kuwa 90. A watan Fabrairu na 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Mu dai a nan ba mu ga alamar na'urar nan a gudun da ake yi ba.

Su kuma samarinmu masu wasan mota a wajen biki da bayan sallah, ba na cewa son gudu laifi ne. Iyayenmu ma sun yi sukuwa, amma sun ware mata wuri, ga Filin Sukuwa nan a Kano shaida. Haka tseren mota yake a inda aka san shi. A Kenya ana yin gasar Safari tun 1953, kuma Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ta ci gasar a 1975. Gasar ta koma jerin gasannin duniya a 2021 a yankin Naivasha, kuma yadda ake yin ta yanzu shi ne a rufe hanya, a nisanta 'yan kallo, a tanadi motar asibiti. Motar tseren da kanta ana ɗaura mata kejin ƙarfe a ciki, a sa mata birki da shokozoba na musamman, direba ya sa hular kwano ya ɗaure jikinsa da bel. Su gwanayen sun fara ne da abin da zai tsare rai. Namu sun ɗauki rurin salansa kawai sun bar sauran.

Saboda haka ina kira ga kanikawanmu, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya kawo mota a ƙara mata wuta, ku fara duba birki da taya da sitiyari, in ya ƙi ku ma ku ƙi aikin, domin hannunku yana cikin abin da motar za ta yi. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi su hana lodi ga motar da tayarta ta suɗe, su kuma hukunta direban da fasinja suka kawo ƙararsa. Mu fasinja mu daina zuga direba da cewa kasuwa za ta tashi, in ya wuce ƙima mu buɗe baki mu yi magana. Iyaye masu ba yaro makullin mota ranar biki su san inda za shi da ita. Ina kuma roƙon Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa da KAROTA su sa alamomi da tudun rage gudu a mashigar kasuwa da gaban makarantu, gwamnatin jiha kuma ta duba yiwuwar ware wa masu sha'awar tsere fili a bayan gari, da ƙa'ida da masu sa ido, domin hani kaɗai bai raba su da titi ba.

Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta, ya ba waɗanda ke kwance lafiya, amin.

Naku mai karatu kullum,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Dawanau, Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, Jihar Kano.