Asalin Kalma: Daga Gona Zuwa Makabarta

Kalmarmu ta wannan mako ita ce "hearse", wadda Turawa ke kiran motar ɗaukar gawa da ita. Ana furta ta kamar "haas", saboda haka kada ɗalibi ya rikita ta da "horse", wato doki, ko da yake dawaki sun daɗe suna jan ta kafin zuwan mota.

Abin mamaki shi ne, asalin kalmar ba ruwansa da mutuwa, sunan kayan noma ne. Rumawan dā suna da wani katako mai haƙora wanda shanu ke ja don farfasa dunƙulen ƙasa bayan huɗa, irin aikin da manomanmu ke kira haro. Sunansa da Latin "hirpex". Faransawa suka mai da shi "herce", mutanen Ingila kuma suka ara wajen shekarar 1300, zamanin da Faransanci ke da ƙarfi a fadarsu tun bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066.

To, yaya aka yi kayan gona ya shiga jana'iza? A majami'un wancan zamani akan kafa wani katako mai tsinkaye a bisa akwatin gawar babban mutum, a soka kyandirori a jikin tsinkayen. Duk wanda ya dube shi sai ya ga kamar an juya abin haro, haƙoransa na kallon sama. Shi ke nan suna ya bi shi. Daga nan sunan ya gangaro kan makarar kanta, sai a ƙarni na 17 ya koma kan keken dokin da ke kai gawa kushewa.

Tana da 'yar'uwa wadda kowane ɗan makaranta ya sani, wato "rehearse", maimaita wasa ko karatu kafin ranar nunawa. Ma'anarta ta fari ita ce a sake bin gona da haro.

Sai jan kunne ga masu fassara. Da yake a garuruwanmu sau da yawa motar asibiti ce ke ɗauko gawa, wasu kan fassara "hearse" da motar asibiti. Wannan kuskure ne mai nauyi, domin mai sauraron labari zai zaci mutumin yana da sauran numfashi, alhali kuwa makabarta aka nufa da shi. A ce motar gawa, in kuwa tsohon littafi ne a duba da kyau, wataƙila makara marubucin ke nufi.