Wuƙa mai baki ashirin ba ta kwance noti ɗaya

Wani ra'ayi ya kama samarin Garwa ta Kamaru, tun daga ma'aikatan ofis har 'yan acaɓa: wai ba a cika namiji ba sai da 'yar wuƙar nan mai naɗewa a aljihu, wadda aka cusa wa filaya da almakashi da zarto da magagari da sukudireba duk a jiki ɗaya. Kuma wai yawan bakinta shi ne darajarta. Mai baki ashirin ta fi mai goma, mai goma ta fi mai biyar. Haka ake ciniki a teburan 'yan koli na babbar kasuwa, mai saye yana buɗe bakunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, mai sayarwa yana cewa, "Alhaji, wannan ai akwatin bakanike ne gaba ɗaya a aljihunka." Ba akwatin bakanike ba ne, kuma ƙirga baki ita ce hanya mafi muni ta zaɓen wannan kaya.

Waɗanda suka ƙago abin ma ba da ƙirga suka fara ba. Wuƙar sojan Suwizalan ta 1890 baki huɗu gare ta: wuƙa, basilla, mabuɗin gwangwani da sukudireba. Kowanne da dalilinsa. Soja yana cin abincin gwangwani, bindigarsa kuma sai da sukudireba ake kwance ta a goge. Karl Elsener, wanda ya kafa masana'antar da ta zama Victorinox a garin Ibach a 1884, ya fara kai wa rundunar ƙasarsa irin wannan wuƙa a 1891. Shi kuwa Tim Leatherman, Ba'amurke, ya zaga Turai a 1975 cikin wata tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, ya ga wuƙar aljihunsa ba ta kama ƙarfe, ya koma gida ya yi shekaru yana neman yadda zai haɗa ta da filaya, har kamfaninsa ya fara sayarwa a 1983. Dukansu aikin da ke gabansu suka duba suka ƙera masa kaya. Da aka koma gasar yawan baki, kamfanin Wenger ya fitar da wata mai kayan aiki 87, nauyinta wajen kilo guda. Ta shiga kundin Guinness, amma babu aljihun da ta shiga.

To, mu duba aikin da ke gaban mutumin Jambutu, ta Garwa nake nufi, ba ta Jimeta ba. Unguwa ce ta masana'antu da manyan motoci da garejoji, a garin da babur ne jigon zirga-zirga. Ɗan acaɓa da babur ɗinsa ya mutu a hanyar Gashiga ko ta Pitowa, me yake nema? Sifana lamba 10, da 12, da 14, da sifanar fulogi, da sukudireba mai tsawon da zai kai ga kafireto. Cikin bakuna ashirin ɗin nan babu sifana ko ɗaya. Sai ya kama noti da filayar, haƙoranta su zame, ya sake matsawa, su sake zamewa, kafin ya ankara kusurwoyi shidan notin sun cinye sun zama zobe. Notin da sifana za ta kwance cikin daƙiƙa biyar, yanzu sai bakanike ya sa kurfi da guduma. Duk wanda ya zauna a bakin gareji ya ga irin wannan noti, ya kuma ji abin da bakanike ke faɗa wa mai shi.

Me ke cikin sauran bakunan? Akwai murɗaɗɗen ƙarfen zare toshiyar kwalbar giyar inabi, wanda Malam Bahaushe ko Bafulatani zai ɗauka shekara goma bai san amfaninsa ba. Akwai mabuɗin gwangwani, a zamanin da tumatir ya koma leda, kifin gwangwani kuma da zoben ja yake zuwa. Akwai zarto mai tsawon yatsa, a ƙasar da kowane gida akwai adda. Akwai ɗan tsinken sakace na roba, alhali ga darbejiya a kowace ƙofar gida. Kowane ɗaya ka biya kuɗinsa, kowanne yana ƙara wa abin kauri, yana sa riƙon ya ci maka tafin hannu in ka matsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin.

Babban abin da ke tayar mini da hankali shi ne wutar lantarki. Kowa ya san halin da arewacin Kamaru ke shiga idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a bazara: a ɗauke wuta, a kawo, a ɗauke, injunan tashar wutar Jambutu suna ta fama su cike giɓi. A irin wannan lokaci ne kowa ke zama injiniya a gidansa, ana haɗa waya da janareto, ana gyaran soket da fitilar wayar hannu a baki. Filayar mai gyaran wuta ta gaske an lulluɓe hannunta da roba mai kauri, masu kyau har an rubuta musu 1000V a jiki. Filayar wuƙar aljihu kuwa ƙarfe ce tsirara daga baki har hannu, ga gumi a tafin mai riƙe da ita, zafin Afrilu ya haura digiri 40, wutar gida kuma 220 ce. Wanda aka gaya wa cewa yana da akwatin kayan aiki a aljihu zai kai wannan ƙarfe kan waya yana zaton an ɗauke wuta. A nan ba maganar asarar kuɗi ake yi ba, maganar rai ce.

Za a ce mini ai laifin jabu ne, a sayi ta asali a gani. Gaskiya ne akwai tazara mai nisa. Ƙarfen ta asali yana riƙe kaifi, mahaɗarta ba ta girgiɗi, Leatherman ma lamunin shekara 25 yake bayarwa. Amma lamunin nan a Portland ta jihar Oregon aka rubuta shi. Ka lissafa kuɗin aika wuƙa daga Garwa zuwa can ta dawo. Manyan samfurorinsu kuma sun haura dala 100, wato sama da sefa 50,000. Da wannan kuɗi za ka sayi jerin sifana, da filaya mai roba, da sukudireba biyu, da wuƙa mai kyau, ka yi cefane da canji. Kuma ta asalin ma ba ta zama sifana. Abin da ke kan yawancin teburanmu kuwa kwaikwayo ne: jan marfi da alamar da ta yi kama da ta Suwizalan, ƙarfe mai laushi da bakin sukudirebansa ke murɗewa a kusar farko da ta yi gardama. Ƙurar hunturu ta shiga mahaɗa ashirin, gumi ya bi ta, damina ta zo, sai ka ga mutum yana karya farce wajen buɗe almakashi.

Abin takaici, muna da misalin da ya fi wannan a gida, mun raina shi. Wuƙar Okapi, da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, lokacin Kamaru tana hannun Jamusawa, baki ɗaya gare ta. Douk-Douk ta Faransa, da aka fara yi a garin Thiers a 1929, ita ma haka: baki ɗaya, marfin ƙarfe, babu abin da zai lalace. Sun bazu a nahiyar nan ba da talla ba, sai don ana wasa su a kowane dutse su yi kaifi. Ka dubi mai tsire, ka dubi baduku, ka dubi masunci a bakin Binuwai yana fede kifi, ka dubi makiyayi da wuƙarsa a kube. Waɗannan su ne masu yanka daga safe zuwa dare, kuma ba za ka ga ɗayansu da wuƙa mai naɗe almakashi ba. Maƙerin da ya ƙera musu tana dakushewa zai wasa, ƙota ta fita ya sa wata.

Ban ce a jefar da ita gaba ɗaya ba. Mai gyaran waya da rediyo, da direban da ke son abin yanke igiya da matse waya a hanyar Ngawundare, da ɗalibin makarantar gandun daji ta Garwa da zai kwana a dajin Faro, za su amfana da ƙarama mai baki uku ko huɗu: filayar da haƙoranta ke haɗuwa daidai, sukudireba mai faɗi da mai tauraro, da wuƙa ɗaya. Mai yawan hawa jirgi kuma ya tuna tun bayan harin Satumba 2001 aka tsaurara, yawanci wuƙa ba ta bin jakar hannu. Ko dai ta shiga babban akwati ko ta tsaya a teburin masu bincike.

In ka tsaya gaban mai tebur, kada ka ƙirga. Ka rufe filayar ka ɗaga ta ga rana. In haske na ratsa tsakanin haƙoranta, ajiye ta. Ka buɗe wuƙar ka girgiza ta hagu da dama. In tana motsi a mahaɗa, wata rana za ta rufe a kan yatsanka. Ka nemi guntun waya ka ce a yanke a gabanka, ka sa sukudireban a kusar teburin ka murɗa da ƙarfi. In mai kaya ya hana ka gwadawa, ya riga ya ba ka amsa. Kai kuma ɗan acaɓa, kafin duk wannan, sayi sifana 10 da 12 da ta fulogi ka ɗaure su da roba a ƙarƙashin sirdi.