Sharhi: An sake gina majami'un Nijar, saura farkawar masu shiga cikinsu

Sama da shekaru goma ke nan da aukuwar tarzomar ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa ƙone-ƙone a Damagaram da Yamai. Mutane 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda suka ce an cinna wa majami'u 45 wuta a babban birni kaɗai, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Yau akasarin waɗannan gine-gine sun sake tashi, wasu ma sun fi na da girma da kyau, da taimakon ƙungiyoyin Kiristoci na waje. Sai dai akwai tambayar da bulo da kwano ba sa amsawa: shin al'ummar da ke taruwa a ciki ta ƙara ƙarfi, ko kuwa ta gamsu ne da cewa ta tsira, ta koma ta zauna?

Wannan matsala ta sanyin jiki tsohuwa ce a tarihin Kiristanci. Littafin Wahayin Yahaya ma ya zargi ikilisiyar Lawudikiya da zama tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi, tana ganin ta wadata alhali ta tsiyace. A Nijar batun na da nasa salo, domin ikilisiyar ƙarama ce ƙwarai, kuma tushen da ta daɗe tana tsaye a kai ya fara motsi.

Ƴan tsiraru masu manyan ayyuka

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Duk da haka sawunsu ya fi yawansu. Mishan ɗin SIM ya sauka a Damagaram a 1924, daga baya ya kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi da ke jihar Tawa, wanda aka buɗe a 1950, har gobe yana karɓar majinyata daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Cibiyar Danja ta yi suna wajen kula da masu cutar kuturta, a 2012 kuma aka ƙara mata sashen aikin yoyon fitsari. Ɗarikar Katolika, wadda ta fara aiki a Yamai a 1931, ta gina makarantun da suka yaye ɗimbin ma'aikatan gwamnati, tana kuma gudanar da ayyukan agaji ta hannun CADEV. A 2001 aka kafa yankin bishop na Maraɗi, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko.

Wannan gado abin alfahari ne, amma a nan ne tarkon yake. Mai bi zai iya nuna Galmi ko Danja ya ce ga shaidarmu, alhali kuɗin da aka gina su da shi, da likitocin da suka riƙe su shekaru da dama, daga ƙetare suka zo. Ikilisiyar da ta saba da cewa wani zai kawo, takan manta da tambayar kanta abin da ita ce ta kawo.

Inda sanyin ya samo asali

Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta jami'ar Rutgers da ke Amurka, wadda ta wallafa littafi a 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda mishan ɗin farko ya fi ba wa'azi muhimmanci, yana ɗari-ɗari da buɗe makarantun boko na Faransanci, har sai da Hausawan da suka karɓi Kiristanci suka yi ta matsa lamba a ilimantar da ƴaƴansu. Sakamakon shi ne ikilisiya mai ƙarfi wajen karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassararsa tun 1932, amma mai ƙarancin ƴan boko da za su riƙe ma'aikatu da lissafin kuɗi idan Turawa sun tafi.

Ikilisiyar EERN ta tsaya da sunanta daidai lokacin samun ƴancin kan ƙasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, rikicin shugabanci ya tsaga ta, aka samu UEEPN da ikilisiyar Salama. Ga al'ummar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, rabuwa uku ba ƙaramar asara ba ce. Ƙarfin da ya kamata a kashe wajen horar da matasa sai ya tafi kan wa zai riƙe gini, wa zai yi magana da masu ba da tallafi. An kafa ƙawancen AMEEN don haɗa kan majami'un bishara, kuma ya yi amfani a lokutan tsanani, amma zama a inuwa ɗaya bai shafe tsohuwar ƙullalliya ba.

Sai kuma batun gado. Kakannin da suka shiga Kiristanci a Tsibiri ko ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi sun biya farashi mai tsada: wasu danginsu sun yanke hulɗa da su, wasu sun rasa gona ko aure. Jikokinsu an haife su ne a ciki. Ga da yawa daga cikinsu, zuwa sujada ran Lahadi al'adar gida ce, kamar yadda ake zuwa suna ko biki. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka zuriya ta uku take a kowane addini, amma idan ba a koyar da ita da gangan ba, sai a wayi gari sunan ya rage, abin da sunan ke nufi ya tafi.

Tsoro ma ya taka rawa. A Nuwamban 2000, lokacin boren adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. A Yunin 2019 an ƙone wata majami'ar Assemblées de Dieu a unguwar Zariya da ke birnin, bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara ayyukan ibada. Duk wanda ya ga irin wannan zai ɗaga katanga, kuma ba a ga laifinsa ba. Illar ita ce katangar takan shiga zuciya. Ikilisiyar da ta rufe ƙofa don ta kare kanta takan rage hulɗa da unguwa, maƙwabta su daina saninta, kuma wanda ba a sani ba shi ya fi sauƙin zargi ran da rigima ta tashi.

Matasa na neman zafi a wani wuri

Kusan rabin al'ummar Nijar ƴan ƙasa da shekara 15 ne, majami'u ma haka suke cike da yara da samari. Matashin Kirista a Yamai ko Maraɗi yau yana da waya a hannu, yana kallon manyan masu wa'azin Legas da Abuja da Abidjan a YouTube da TikTok, da kiɗa da fitilu da alkawarin aiki da biza da waraka. Idan ya koma majami'ar iyayensa ya tarar da dattawan da suka shekara ashirin a kujera ɗaya, babu mai tambayarsa ra'ayi, ba abin mamaki ba ne ya sauya sheƙa zuwa sababbin majami'un Fentikos, ko ya daina zuwa gaba ɗaya.

Sababbin majami'un sun kawo abin da tsofaffin suka rasa, wato kuzari, da ba mata da matasa fili, da addu'a kan matsalolin yau da gobe. Amma ƙarar amsa-kuwwa ba ita ce ma'aunin farkawa ba. Wa'azin da ke cewa ka ba da baiko Allah ya ninka maka, a ƙasar da ke cikin mafiya talauci a duniya, yakan bar talaka da aljihu wayam da kuma zargin kansa da ƙarancin bangaskiya. Nahiyar ta ga inda makauniyar biyayya ga mutum ɗaya ke kaiwa. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawawwaki sama da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartar su da yin azumi har mutuwa. A Ruwanda gwamnati ta rufe dubban wuraren ibada a 2024 bisa rashin cika sharuɗɗan doka. Idan ikilisiya ba ta tsabtace gidanta ba, hukuma ce za ta zo da tsintsiya, ita kuwa ba ta zaɓe.

Zamanin jiran waje ya ƙare

Abin da ya mai da wannan muhawara ta gaggawa shi ne halin tsaro da siyasa. An sace Ba'amurke ma'aikacin agaji Jeffery Woodke a Abalak a Oktoban 2016, bai kuɓuta ba sai Maris ɗin 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli ɗan Italiya a Bomoanga a Satumban 2018, aka sake shi a Mali a Oktoban 2020. A yankin Makalondi da Torodi, inda Gurmawa Kiristoci suke da yawa, hare-haren masu iƙirarin jihadi sun kori iyalai daga ƙauyukansu, kamar yadda suka kori Musulmin yankin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki da tsamin dangantaka da ƙasashen Yamma sun ƙara wahalar da zirga-zirgar baƙi da shigowar kuɗi. Majami'un birane, waɗanda ƴan Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya ke da kaso mai tsoka a cikinsu, su ma abin ya taɓa su.

Su kansu masu aiko da tallafin suna fama da nasu sanyin. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna a karon farko masu kiran kansu Kiristoci sun gaza rabi, kashi 46.2 cikin 100. A Jamus, sama da mutum dubu 500 suka fice daga cocin Katolika a 2022 kaɗai. Ƴan Nijar mazauna Turai suna gani da idonsu yadda ake mai da tsofaffin majami'u ɗakunan karatu da gidajen haya. Rijiyar da ake ɗebowa daga gare ta tana ja da baya, don haka duk ikilisiyar da ta tsara kasafinta bisa wannan ruwa tana buƙatar sake lissafi.

Yadda farkawa ta gaskiya ta kasance a wasu wurare

Tarihin Afirka na da misalai. Farkawar gabashin Afirka da ta faro a Gahini na ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta fara ne da shugabanni da ma'aikatan asibiti suna furta laifinsu a gaban jama'a, suna mayar da kayan da suka ci, baƙi da Turawa suna neman gafarar juna. A arewacin Najeriya, shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 ya dogara ne ga talakawan masu bi, manoma da ƴan kasuwa, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje. A duka biyun, gyaran ya fara daga ciki, kuma bai jira kuɗi ba.

Maraɗi ma na da nata darasin, ko da yake a gona aka koye shi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da SIM, bayan ya sha kashi wajen dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi tsiro kaɗan a kula da su. Manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Wannan aiki ya yaɗu ne saboda manomi ya ga amfaninsa, ya koya wa maƙwabcinsa, ba tare da tambayar addininsa ba.

Saiwar ikilisiyar Nijar ma tana nan. Ƙungiyoyin zumuntar mata su ne ƙashin bayan majami'u da dama, su ke ziyarar marasa lafiya, su ke haɗa gudummawa, amma ba kasafai ake ganinsu a teburin yanke shawara ba. Makarantun koyon Littafi Mai Tsarki irin ta Agye suna yaye fastoci, sai dai faston ƙauye da ba shi da albashin kirki yana buƙatar sana'a ko gona da zai riƙe iyalinsa ba tare da miƙa hannu ba. Bayyana lissafin baiko a gaban jama'a, da ƙayyade wa'adin shugabanni, da shigar da matasa majalisar dattawa, matakai ne da ba sa buƙatar ko dala daga waje. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya shafi kowa

Mai karatu Musulmi na iya cewa wannan zancen cikin gidan wasu ne. Amma a Janairun 2015 akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, kuma shugabannin majami'u sun fito sun ce sun yafe. Irin wannan amana a unguwa ake ƙulla ta, a wajen jana'iza da rijiya da layin asibiti, kafin a kai ga zauren kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ke jihohi. Ikilisiyar da ta yi sanyi ta shige gida tana rage waɗannan zaren zumunci, wadda ta ɗauki zafin tsokana kuma tana iya tsinka su. Mai amfani ga ƙasa ita ce wadda ta san abin da ta gaskata, tana riƙe kanta da guminta, tana kuma hidima ga wanda ya zo ko daga ina yake.

Majinyatan Galmi da Danja da ɗaliban makarantun mishan su ne za su fara ji a jikinsu idan waɗannan cibiyoyi suka rasa masu riƙe su. Ko za a samu ƴan ƙasa da za su karɓi ragamar nan da shekaru goma, ya danganta da abin da majami'u ke yi da matasansu a yanzu.