A Shimfiɗa Mana Tabarma a Taron Kwamitin Makaranta



Mu ƴan ajin ƙarshe aka ba wannan shafi a littafin bana, kuma mun yi shawara a tsakaninmu cewa ba za mu cika shi da godiya kaɗai ba, ko da yake godiyar tana nan, Allah ya saka wa kowa da alheri. Magana ɗaya ce ke bakinmu: duk ranar da za a yi babban taron kwamitin makaranta, a kira wakilan ɗalibai, a ba su wurin zama, a saurare su kafin a yanke abin da za a yi da kuɗin shekara.

Kwamitin da muke nufi shi ne wanda kowa ke kira Kojes, wato COGES, wanda daga baya takardun gwamnati suka koma rubutawa CGDES. Da yawa daga cikinmu ba su san shi da komai ba sai karɓar kuɗin karo-karo a farkon shekara, alhali aikinsa ya wuce nan. Tsarin da ake bi yau ya samu ƙarfi ne a 2004 a jihar Tawa, cikin wani shiri da gwamnatin Nijar ta yi da hukumar JICA ta ƙasar Japan, mai suna “Makaranta don Kowa”. Da aka ga ya yi kyau, a 2007 aka yaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya. Abin da aka canza ba shi da yawa. Maimakon a ce wane da wane su ne shugabanni saboda girmansu, sai mutanen gari su zaɓa da ƙuri'ar asiri. Sannan a tara jama'a a babban taro, kowa ya faɗi abin da ke damun makaranta, a tsara aikin shekara, a ƙarshe kuma a dawo a yi bayanin abin da aka yi da abin da ya gagara. Kwamitocin makarantun da ke ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari ɗaya kuma su haɗu su yi tarayya, suna duba juna.

To me ya sa wannan ɗan canji ya yi tasiri? Saboda mutum ba ya ƙyashin ba da kuɗinsa ko damin hatsinsa ko ƙarfinsa ga aikin da da shi aka shirya, a hannun wanda shi da kansa ya zaɓa. Kenan tushen abin duka shi ne a ji ta bakin waɗanda makarantar ta shafa. Iyaye maza suna da ƙungiyarsu. Iyaye mata ma suna da tasu, wadda ake ce wa AME. Malamai da darekta suna ciki. Mu da muke yini a cikin ajin fa? A nan makarantarmu, sai dai mu ji labarin taron a bakin ƙofa, ko a gida in baba ya ga damar faɗa.

Kada wani ya ce wannan tsarin ƴan lakwal ne, bai shafi madarasa ba. Madarasar faranko-arab ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Sayi tun 1957, kafin ma a samu mulkin kai, kuma makarantu irin namu suna da masu duba su daga gwamnati kamar kowace makaranta. Bambancinmu ɗaya ne, shi kuwa ƙara nauyi yake yi: muna ɗauke da karatu cikin Larabci da Faransanci a shekara guda. Duk makon da ya salwanta, mu sau biyu yake cin mu.

Kuma makonni suna salwanta, kowa ya san dalili. Ana komawa makaranta a Oktoba, amma ajin da yake rumfa ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara da zana. Ƙannenmu sai su yi ta yawo da jaka a wuya, ko a cusa aji biyu a ɗaki ɗaya, mushe yana magana na baya ba su ji. Da iskar farkon damina ta taso wajen Mayu ko Yuni, rumfar ta kwanta, karatu ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba. A ci shekara ta gaba a ci ta ta baya, sannan ranar jarrabawa a ce yara ba su da ƙoƙari. Da a ce taron kwamiti ana yinsa tun cikin babban hutu, a san wa zai kawo itace, wa zai kawo zana, a ajiye zanar bara mai sauran kyau a inda gara ba ta ci, da an rage wannan asarar.

Akwai abin da ya fi asarar lokaci. Babu wanda ya manta da watan Afrilu na 2021, da gobara ta kama azuzuwan rumfa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, akasarinsu ƙanana ƙwarai. Ba a kai ƙarshen shekarar ba, a watan Nuwamba, irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa yara sama da 20. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan nan gwamnati ta hana sanya ƴan ajin renon yara a cikin rumfa. Amma rumfunan ba su ƙare ba, don gina ajin siminti ba aikin karo-karon unguwa ba ne, sai da hannun hukuma ko wani mai hali. Kafin wannan ya zo, akwai abubuwan da ba su cin ko jika ɗaya, kuma mu muka fi kowa ganinsu. Mu muka san rumfar da ƙofarta ɗaya ce, ƙarama, wadda in an tashi fita sai an yi turereniya. Mun san inda aka jera rumfuna manne da juna babu tazara. Mun san kusurwar da masu tuyar ƙosai ke hura wuta dab da zana lokacin shan iska, da wurin da ake ƙona shara idan iskar hunturu tana kaɗawa. Ba mu ce a kori masu tuya ba, iyayenmu ne, kuma da ƙosansu muke karyawa. A matsar da su gefe kawai. A buɗe wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, a ajiye randar ruwa da tulin yashi kusa, a ba ƙanana ɗakunan siminti manya su koma rumfa. Mu ƴan ajin ƙarshe da an tambaye mu da mun yarda da wannan musayar.

Ga kuma maganar ƴan'uwanmu mata, wadda ba a son faɗa a bainar jama'a. Makewayin da ba shi da ƙyaure, ba ruwa ba buta, yarinyar da ta fara girma ba za ta shige shi ba. Sai ta tafi gida tsakar rana, gobe ta ƙi zuwa, jibi a ce ai dama karatun bai dame ta ba. Ba za ta tashi gaban iyaye maza ta faɗi wannan ba, kuma ba mu ce ta yi ba. Shi ya sa muke so cikin wakilan ɗalibai a samu mace, wadda za ta zauna da iyayenmu mata na AME kafin taro, su kuma su ɗauki maganar su kai. Ƙyauren makewayi nawa yake? Amma in ba wanda ya ambace shi, ba zai shiga lissafi ba har abada.

Mun san abin da wasu manya za su ce, mun ma riga mun ji: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, ba mu ja ba. Ba mu san yadda ake neman taimako a ma'aikatar magajin gari ba, ba mu san yadda ake lallashin mai hali ba, ba mu san wahalar da ma'aji ke sha wajen bin gida-gida ba. Sai dai babba daga nesa yake hange, mu kuwa a ƙasa muke zaune, ƙusar benci mu take yaga wa riga. Wasu kuma suna tsoron kada abin ya zama rashin kunya, yaro ya tashi yana nuna malaminsa da yatsa. Wannan tsoron yana da wuri. To a sa mana iyaka: ba maganar albashi, ba maganar wani malami da suna, ba ƙuri'a a kan kuɗi. Wakilanmu su rubuta abin da ɗalibai suka tattara, malami ɗaya ya duba, su gaishe da jama'a, su karanta, su zauna. Ladabin da aka koya mana a nan ai bai hana faɗin gaskiya ba, yadda za a faɗe ta ya koya mana.

Wata roƙon kuma, ita ma ƙarama ce. Bayanin kuɗin da ake karantawa a taro, a rubuta shi a babbar takarda a manna a bangon ofishin darekta, da boko da ajami: ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya, ga saura. Ba zargin kowa muke ba. Amma mu ake aikowa da kuɗin, mu kuma ake tambaya a gida, “Wai na bara me aka yi da su?” Sai mu yi shiru. Uban da bai samu amsa ba, baɗi hannunsa nauyi zai yi, ko dala ashirin aka ce ya kawo. Takardar nan mutuncin ƴan kwamitin ma take karewa.

A cikin tsarin shekara kuma a bar ɗan gurbi don ayyukanmu. Musabaƙar karatu, wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, ƙwallo tsakanin azuzuwa, langa da kokowa, har da wannan littafin da kuke riƙe da shi, duka da roƙo ake yinsu a ƙurarren lokaci, malami ɗaya ko biyu su ciro daga aljihunsu. Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta ma haka: a dasa muna hutu, a ɗauki hoto, rani na zuwa awaki su cinye. Da za a saya mana ƴan bokitai a kewaye su da ƙaya, a raba wa kowane aji nasa, da yanzu akwai inuwar da ta fi ta rumfa.

Ku kuma ƴan'uwa ɗalibai, musamman ƴan ajin da ke bin mu, in iyaye suka amince, nauyin a kanku zai faɗa, don mu tafiya za mu yi. A makarantu da dama ana kafa gwamnatin ɗalibai, da shugaba da ministan tsabta da na lafiya da na wasanni. Ku kafa taku da ƙuri'a, kamar yadda ake zaɓen kwamiti. Kada ku zaɓi mutum don ya iya ba da dariya ko don yana raba alewa. Ku zaɓi wanda zai shiga ajin ƙanana ya durƙusa ya tambaye su abin da ke damunsu, ya rubuta, ko da shi abin bai shafe shi ba.

Muna roƙon shugaban kwamiti da malam darekta, tare da mai unguwa da liman, su sa ranar taron shekara mai zuwa cikin watan Satumba, kafin a buɗe makaranta, a sanar a masallaci da gidajen suna yadda aka saba. Wakilai biyu muke nema, namiji da mace. Takardar abubuwan da muka tattara bana daga kowane aji mun riga mun ba malamin ajinmu, tana hannunsa.